Wankan Jegon Rabe Marini

Rabe marini ne a Maska, ɗan marini, a zamanin da fatake ke zuwa daga Zazzau su ɗora baƙaƙen zannuwan garin a kan jakuna. Da damina yana noman dawa da baba, shukar da ake rini da ita, da rani yana tsugune a bakin karofi, wato ramin da ake rini a ciki. Ba shi da yawan magana. Idan aka tambaye shi labari sai ya ce sai alheri, ko da ranar akuyarsa ta mutu.

Yana da shekara hamsin da ɗoriya amosani ya kama masa gwiwoyi. Suka kumbura, har ya zama idan ya tsuguna sai an kama shi ya tashi, salla kuma sai a zaune. Wanzami ya yi masa ƙaho sau uku. Wani mutumin Gozaki ya ce ya shafa kitsen damo. Ya shafa. Gwiwa ba ta saɓe ba, sai dai karnukan unguwa suka riƙa yi masa rakiya har marina.

Yayarsa, wadda ake ce wa Tsohuwa tun tana goye, ungozoma ce a Ƙarfi. Da ta ji labari ta zo, ta latsa gwiwar da babban yatsa, ta ce wa matarsa Hansai ta ɗora ruwa a babbar tukunya, ta jefa ganyen tsamiya.

Rabe ya ce, "Yaya, wannan ai wankan jego ne. Ni ban haihu ba."

Ta ce, "Na sani. Da ka taɓa haihuwa ba za ka yi mana wannan rakin ba. Miƙe ƙafa."

Ta tsoma ganye a ruwan, ta riƙa fyaɗa masa yadda take yi wa masu jego. Ya yi ihu ɗaya, ya haɗiye sauran. Da aka gama ya tashi da kansa, ya zaga tsakar gida ba sanda. Kafin azahar ciwon ya dawo.

Rabe ya lura cewa sauƙin yana tafiya ne da zarar zafin ya tafi, ruwan da aka watsa kuwa ba ya jimawa a jiki. A gefen marina akwai wani tsohon karofin ubansa da aka daina amfani da shi. Ya sa aka cike shi da tsakuwa har ya rage daidai zaman mutum, ya dalaye shi da katsi, wato dattin da ke kwanciya a gindin karofi. Kullum da hantsi ya tafasa ruwa tukunya huɗu, ya sirka, ya shiga ya zauna, ruwan iya ƙirji, kansa kaɗai ke leƙowa daga ramin da hularsa. In ruwan ya fara hucewa sai ya sa a jefa masa gasasshen dutse ta gefe. Watan farko yakan fito shuɗi daga ƙirji zuwa ƙasa. Ya ce rinin ubansa ne, dama ba ya zuba.

Marina ta samu abin yi. Masu wucewa suna yi masa barka, suna tambayar me aka samu. Wanda ya fi kowa ƙoƙari shi ne Manu, mai bugun zane, wanda shekara goma sha ɗaya ba sa magana da Rabe, tun ranar da Manu ya ɗaga wani zanen da Rabe ya rina a gaban fatake ya ce rinin bai kama ba. Manu ya aika masa da ƙwaryar kunun kanwa, irin wanda ake dama wa mai jego. Rabe ya shanye yana cikin ramin, ya mayar da ƙwarya, ya ce a gaya wa mai aiken kanwar ta yi kaɗan.

Gwiwoyin ba su warke ba, amma kumburin ya ragu. Ya koma sujada, ya koma tsuguno rabin yini.

A rani na biyu, wata safiya, Rabe yana cikin ruwa ya ga inuwar mutum a kansa. Manu ne. Shekarun bugu sun cinye masa kafaɗu, ko rigarsa da ƙyar yake sawa. Ya daɗe a tsaye yana kallon tururi.

Ya ce, "Da zafi?"

Rabe ya ce, "Da zafi."

"Matsa."

Ramin ba shi da faɗi, don haka suka zauna baya da baya, kowa yana kallon gabansa. Daga ranar Manu ke kawo itace, Rabe ya kawo ruwa. Shekara tara suna haka. Waɗanda ke aiki kusa da su sun ce hirarsu ba ta wuce a ƙara dutse ko kada a ƙara.

Rabe ya rasu da damina, bayan zazzaɓin kwana huɗu. Bayan addu'ar bakwai Manu ya tafasa tukunya huɗu kamar kullum, ya shiga. Ya yi haka kwana biyu, ya daina. Da aka tambaye shi dalili, ya ce in mutum ɗaya ne a ciki ruwan ba ya kaiwa kafaɗa.