Mai Gyaran da Ke Juya Allo ga Bango

Kullum da safe, kafin maƙwabtansa su gama ɗage ƙofofin shagunansu, shi ya riga ya share gaban nasa, ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, ya jera sukudirebobinsa daga ƙarami zuwa babba. Sai ya goge tabarau da bakin riga, ya zauna jiran mai lalura. Gyaran kwamfuta ne sana'arsa tun ina saurayi. A layinmu Sannu-Sannu ake ce masa, don in ka kai masa aiki ka ce kana sauri, amsarsa ɗaya ce: "To, mu yi sannu-sannu don ka samu ka tafi da wuri." Ƙarshen watan nan zai rufe shagon, ya ce hannu da ido sun fara yi masa gardama. Shi ya sa na ga bai kamata ya tafi shiru ba.

Mai kemis ɗinmu ya shaida cewa bai taɓa yarda a faɗa masa lambar sirri ba. Sai ya miƙo maka na'urar, ya ɗaga kai yana kallon silin har ka gama dannawa. Tela kuwa ya ce ranar da ya kai wayar matarsa, kife ta mutumin ya yi a kan tebur, ya ce a je a zo da mai ita. Mu dai dariya muke yi, muna cewa tsufa ne.

Babbar 'yata mai ɗaukar hoto ce, kuma taron mata kaɗai take zuwa. Mata sun yarda da ita, suna sakin jiki a gabanta, a cire mayafi, a yi rawa, a yi dariya, don sun san hoton ba zai faɗa idon wani namiji ba. Wannan yardar ita ce jarinta. Duk aikinta yana cikin wata kwamfutar ajiya da ke kusurwar ɗakin baya, wani baƙin akwati mai cin faifai huɗu. Bana akwatin ya cika, ya riƙa zafi, fankarsa tana kuka kamar injin niƙa. Ta sayo babba mai gurbi takwas da sababbin faya-fayai, ta ce Sannu-Sannu ne zai yi ƙaurar hotunan zuwa sabon akwatin.

Hankalina ya tashi. In hotunan suka ɓace, yarinyar ta shiga uku. In ɗaya ya fita waje, ta shiga tara, har da ni ubanta. Na ce na yarda, amma a gidana za a yi aikin, kuma ina zaune.

Ya zo da 'yar jakarsa, ya yi sallama, ya cire takalmi. Ya roƙi faranti ya zuba sukurori a ciki don kada su gangara. Kowane faifai ya manna masa salatif ya rubuta gurbin da ya fito. Sannan ya ce wa 'yata, "Kafin mu taɓa komai, sai mun kwafe duka a kan sababbin. In wani ya yi mana tutsu a hanya, muna da na biyu."

Kalmar kwafa ɗin nan ta tsaya mini a wuya. Na gyara zama.

'Yata ta danna abin da ya ce ta danna, ta fita haɗa shayi. Tana fita ya kama allon kwamfutar ya juya shi ya fuskanci bango. Na ce a raina, to, ga shi nan an fara. Na ja kujerata na zagaya. Ya dube ni, ya ciro farin ƙyallensa ya lulluɓe allon. Ya koma ya zauna yana kallon 'yan fitilun da ke ƙyaftawa a jikin akwatin, kunnensa a karkace kamar mai sauraron numfashin jariri.

Na kasa haƙuri. Na ce, "Malam, a gidana ba a ɓoye mini abu." Na kai hannu na kama gefen ƙyallen.

Ya ce, "Maigida, in ka ɗage, hotunan matan ne ke wucewa ɗaya bayan ɗaya. Ni dai ba muharraminsu ba ne." Ya ɗago kai ya kalle ni. "Kai fa?"

Daidai nan 'yata ta shigo da tire a hannu, ta gan ni riƙe da ƙyalle. Ta ce, "Haba Baba, matan mutane ne fa."

Ban san yadda na saki ƙyallen ba. Ni da na zauna gadin mutuncin matan nan, ashe a duk ɗakin ni kaɗai ne namijin da ke ƙoƙarin leƙa su. Shi kuwa ya karɓi shayinsa ya ce, "'Yata, babanki yana da gaskiya da ya tsaya a kan aikin. Ba kowa ake bar wa ɗaki ba." Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Da kwafar ta ƙare, ya kashe wuta, ya zaro faya-fayan ɗaya-ɗaya da hannu biyu, ya zura kowanne a gurbinsa cikin sabon akwatin, ya ɗaure wayoyin don kada su tare iska. Ya kunna. Fitilu suka kama kore, ban da ɗaya da ta tsaya ja. 'Yata ta nuna ta da yatsa.

Ta ce, "Kawu, wannan fa?"

Ya ce, "Kada ki ɗaga hankalinki, ai shi ya sa muka kwafa." Ya sake kashewa, ya buɗe, ya laluba da yatsa, sai muka ji ƙas. "Waya ce ba ta zauna ba. Laifin hannuna ne. Kin ga dalilin da zan ajiye aikin ke nan." Ba wanda ya tambaye shi, da ya ce faifan ne ya tsufa da mun yarda.

Fitilu suka koma kore duka. Ya miƙe ya ce mata, "Zo ki buɗe ki duba kayanki, na bara da na bana." Ya juya baya, ya fuskanci bango, hannuwa a baya. Ni ma na je na tsaya kusa da shi. Mu biyu, dattawa, muna kallon bango. Can ya ce ƙasa-ƙasa, "Maigida, bangon nan naka yana son fenti."

Daga bayanmu muka ji ta ce, "Duk suna nan, Kawu. Ko ɗaya bai ɓata ba."

Kai ne, Sannu-Sannu, wanda asirin gidajen layin nan ya ratsa ta hannunsa shekara da shekaru bai manne masa a ido ba. Kai ne ka rufe allo, ka kuma rufa wa mai gidan asiri a gaban 'yarsa. Matan da ke cikin akwatin nan ba su san ka ba, ba za su taɓa yi maka godiya ba, don haka ni na yi a madadinsu. Na gode. Ka yafe mini zaton da na yi maka. Allah ya ba hannunka hutu, ya ƙara wa idonka haske, ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa wa mutane.

Ku kuma matasa masu gyaran waya da kwamfuta, kafin ya rufe shagon ku je ku zauna da shi. Kwance akwati da ɗaurewa kun iya, wataƙila ma kun fi shi sauri. Ku koyo inda ake ajiye ido.

Bangon na yi masa fenti. Yanzu in 'yata ta kunna allo, bangon nake kallo.