Ranar da na zama ƙofa

Ɗakuna uku mijina ya rasu ya bar mini a bayan kasuwar Malanville, da hayarsu nake ci da yara. Na tsakiya wani tela ne ɗan Kebbi a ciki, mai sanyin baki da yawan gaisuwa. Da aka rufe gadar kan iyaka, matan Gaya da ke ƙetarowa su kawo masa ɗinki suka ɗauke ƙafa. Wata biyar ban ga ko dala ba, kuma hayar jikka biyar ce ta sefa duk wata.

Masu shawara kuwa ba su yi ƙaranci ba. Yayana ya ce in kai shi wajen jandarma. Na san kuɗin zirga-zirga kaɗai zai cinye rabin bashin. Wata maƙwabciya ta ce in kwace keken ɗinkin, na ce to da haƙoransa zai yi ɗinkin ya biya ni? Sai na bi dabarar masu gidajen unguwarmu: a cire wa ɗan haya ƙofa, kunya ta sa ya nemo kuɗi. Na kira kafinta, na ba shi dala ɗari, ya ciro ta ya jingine a tsakar gidana. Tela yana kallo, har da yi masa sannu da aiki.

Ranar Juma'a ya yi sallama, ya sha farar riga.

"Hajiya, zan tahi masallaci. Tunda ƙohwar tana wurinki, ke ta ƙohwa yau. A duba min keke."

Na hasala, amma in aka sace keken ni za a kama. Na ja kujera na zauna a bakin ɗakin, masu wucewa suna tambayata nawa nake ɗinka zane.

Daga nan na leƙa ciki. Katifar da ya zo da ita babu, rediyo babu, tukunya ɗaya a kife, ƙura ta hau ta. Tabarma ce kawai da keken, ya rufe shi da bargonsa. Kunyar da na tanadar masa ni ta kama.

Da ya dawo na ce, "Malam, yaushe rabonka da tuwo?"

Ya yi dariya ya ce azumin nafila yake yi.

Da yamma na sake biyan kafinta dala ɗari ya mayar da ƙofa. Na aika masa da kwanon shinkafa da yadin kayan makarantar yarana, na ce a cire kuɗin ɗinkin daga haya. Kwanon ya dawo a wanke tun kafin a kira magariba.