Kofin Malama Maimaita

Tun kafin mu shiga jami'a Malama Maimaita take koyar da magana da Turanci, a wani ɗan aji da ke ƙarshen baranda, kusa da ɗakin da ake jibge karyayyun kujeru. Ba farfesa ba ce. Gajeriyar mata ce mai tsohuwar jaka, kullum da kofin shayinta na ƙarfe da cokali a ciki. Aikinta shi ne ta koya wa ɗalibai yadda ake tsayawa a gabatar da bincike, da yadda ake muhawara ba tare da an koma cacar baki ba.

Mu kuwa hadda muka iya. Mutum zai haddace jawabinsa tsaf, ya miƙe yana zuba kamar famfo, da an jefo masa tambaya a tsakiya sai ya daskare, ya koma tun daga gaisuwa. Dokarta guda ce: ba ka da ikon mayar wa wani martani sai ka fara maimaita abin da ya faɗa da naka kalmomin, har shi da kansa ya ce, "Haka nake nufi." In ka tsallake, sai ta ƙwanƙwasa cokali a jikin kofi. Daga nan sunan ya bi ta. Ni da ake kira Rediyo saboda bakina ba ya mutuwa, a kaina aka fi ƙwanƙwasa kofin nan, kuma na tsani ƙararsa.

A shekararmu ta ƙarshe aka yi mata aiki a maƙogwaro. Ta tashi lafiya, amma murya ta tafi, likita ya ce ba za ta dawo ba. Shugaban sashe ba mugu ba ne, sai dai ya ce bai taɓa jin inda marar murya ta koyar da magana ba. Za a karɓe ajin, a mayar da ita ofis tana duba takardu. Ta rubuta masa roƙo: ya zo ya zauna a darasi ɗaya kafin ya yanke hukunci.

Ranar ya shigo ya zauna a baya, ya harɗe hannu. Malama ta ɗauki alli ta rubuta batun muhawara a allo: "Wadda ba ta da murya ba ta cancanci koyar da magana ba." Ta nuna ni da alli, ni zan goyi bayan batun. Ta nuna Maman Biyu, wata matar aure mai tagwaye wadda a shekarar farko gumi ke karyo mata in an tambaye ta sunanta, ita za ta kare Malama.

Na ce, "Haba Malama, ni da bakina zan kore ki? Don Allah ki sauya ni."

Ta dube ni ta saman tabarau, ta nuna mini gaban allo.

Na san in na yi sako-sako za ta gane, kuma ba abin da ta raina kamar wannan. Sai na zage damtse. Na ce sabon ɗalibi da kunne yake koyon furuci, dole ya ji daga bakin malami. Na ce tausayi ba hujja ba ne, kuma haƙƙin ɗaruruwan ɗalibai ya fi na mutum guda. Turancina bai taɓa fita sumul kamar ranar ba, zuciyata kuwa tana ƙuna. Na hango shugaba yana gyaɗa kai.

Maman Biyu ta miƙe. Ta maimaita hujjojina ɗaya bayan ɗaya, ba ta rage musu kaifi ba, har ma ta fi ni tsara su. Dole na ce, "Haka nake nufi." Sannan ta kawo nata, a tsanake, ba takarda a hannu. Ta ce furuci ko a waya ana samunsa. Abin da ba a samu shi ne wanda zai sa ka yi shiru ka ji abokin gardamarka, kuma wannan ba da murya aka koya mana shi ba tun farko.

Shugaba ya gyara murya ya tashi. "To, madalla. Amma duk da haka, tsarin sashe ya tanadi..."

Ƙwal!

Mata ba murya, aikinta a hannun mutumin nan, ta ƙwanƙwasa masa kofi a gaban ɗalibai.

Ya dube mu. "Me ya faru?"

Maman Biyu ta ce, "Ranka ya daɗe, ba ka maimaita abin da na faɗa ba."

Ya yi ɗan murmushi ya fara. Karon farko ya karkata maganar, Maman Biyu ta ce masa a'a, ba haka ba. Ya sake, a hankali: "Kina cewa aikin malamar nan ba yin magana ba ne, aikinta shi ne ta sa ku saurari juna, kuma yau ta yi shi ina zaune." Da ya kai ƙarshe sai ya dubi Malama, kamar yanzu maganar ta shiga kunnensa.

"Haka nake nufi," in ji Maman Biyu.

Bai ƙarasa zancen tsarin sashe ba. Ya koma kujerarsa ya zauna har aka tashi, kuma ajin ya ci gaba da zama nata har ta yi ritaya.

Da kowa ya watse na tsaya ba ta haƙuri. Ta ɗora hannu a maƙogwaronta, ta girgiza kai, sannan ta nuna nawa, ta nuna ƙofar da sauran suka bi.

Na ce, "Malama, kina nufin muryar taki tana wajenmu?"

Ta gyaɗa kai. Na dubi cokalin ina jira, bai motsa ba.