Lasisin Tuƙa Jirgin Baba

Mahaifina ya yi shekara talatin da wani abu yana tuƙa motar haya a Makka. Da ya ajiye tuƙi sai ya sayi ƙaramin jirgin ruwa mai inji ɗaya, na hannu, ya ajiye shi a wata tashar jirage da ke bakin teku a Shu'aiba. Kakansa masunci ne daga Yawuri, ya zo aikin hajji bai koma ba, shi kuma Baba tun yana saurayi yake bin abokai kamun kifi. Duk Asabar bayan sallar asuba zai bar unguwarmu ta Hindawiyya, la'asar ya dawo da kifi a akwatin ƙanƙara, Umma ta soya, mu kai wa maƙwabta.

Matsalar ta fara ne da lasisinsa na tuƙin jirgi ya ƙare. Mu a gida ruksa muke cewa. Ba a sabunta shi sai da gwajin ido, kuma ni na raka shi asibiti. Ya karanta layi biyu na sama, ya kasa karanta na uku. Likita ya ce yanar ido ce ta fara rufe masa gani, aikin ɗan lokaci ne a cire ta. Baba ya ce babu mai sa masa ƙarfe a ido, ya ɗauki takalminsa muka fito.

Yayyena biyu maza suna Riyad da Dammam da iyalansu. Sati huɗu Baba yana zaune a falo ranar Asabar yana gyara ƙugiyoyin da babu abin da ya same su. A sati na biyar na ce masa ni zan nemi ruksar, in riƙa kai shi. Ya dube ni ya yi dariya, ya tuna mini cewa ko a mota ina amai in hanya ta yi lanƙwasa. Amma bai hana ni ba.

Ina aikin ofis a wata makarantar 'yan mata a Rusaifa, takardu ba baƙin abu ba ne a wurina. Duk da haka wannan neman ya kusa zautar da ni. Sau uku ana dawo mini da buƙatata ta waya. Na farko hoto ne bai yi ba. Na biyu, sunan gidanmu, wanda sunan Hausa ne, an rubuta shi da wani harafi a katin shaidata, an rubuta da wani a takardar asibiti, na'ura ta ce mutum biyu ne. Kafin in gyara wannan, wa'adin takardar asibitin ya wuce, sai da na sake yin gwajin daga farko. Babu wanda zan yi wa faɗa, saƙo ne kawai yake shigowa. Bayan nan na yi ta zirga-zirga zuwa Jidda ɗaukar darasi: wa ke ba wa hanya in jirage biyu sun haɗu, jar fitila a hagu, koriya a dama, ma'anar tulunan robar da ke yawo a kan ruwa. Na haddace su kamar karatun allo, na ci jarrabawa. Ranar da ruksar ta fito ban san yadda ake gane iska za ta juya ba, amma doka ta ce ni ce direba, Baba fasinja.

Fitarmu ta farko ba mu taɓa ruwa ba. Jami'in da ke ƙofar tasha ya duba izinin fita a wayata, da sunayenmu da lokacin dawowa, ya ƙirga rigunan ceto, sannan ya ɗaga tukunyar kashe gobara ya nuna mini kwanan watan da ke jikinta. Ta wuce da kwana tara. Muka yi tafiyar awa ɗaya da rabi muka koma Makka da ƙanƙararmu tana narkewa.

Asabar ta gaba muka fita. Na fitar da jirgin daga tasha, Baba yana ta gyara mini daga baya. Da ƙasa ta yi nisa sai ya miƙe ya ce in matsa. Na ce masa doka ta hana. Ya ce dokar tana can bakin gaɓa. Na matsa. Ba zan ɓoye ba, na ji sanyi a raina, domin da ya kama sitiyari jirgin ya daina tsalle, cikina ya lafa. Fuskarsa kuwa ta koma irin ta da.

Ba mu yi minti ashirin ba jirgin sintiri ya biyo mu. Jami'in matashi ne, ya yi sallama da ladabi, ya kira Baba da ammi, wato baffa, ya nemi ruksa. Na miƙa tawa. Ya duba, ya ce ba ni ya gani a kan sitiyari ba.

Raina ya ɓaci. Na ce masa ga ni zaune kusa da shi, hannuna zai iya kaiwa ga inji, kuma wannan dattijon ya san tekun nan tun ba a haifi ko ɗayanmu ba. Na tambaye shi wane amfani takarda take da shi in ta cire wanda ya iya ta ɗora wadda ba ta iya ba.

Bai yi musu da ni ba. Ya nuna bayanmu da hannu ya ce, "Ammi, ka ga tulun can mai ruwan ɗorawa?"

Baba ya juya ya daɗe yana kallo. "Babu komai a wurin," in ji shi.

Tulun yana nan. Alama ce ta wurin da masu nutso suke, ba a shiga da inji. Ta cikinsa muka bi. Ni na gan shi lokacin da muke wucewa, na san ma'anarsa domin ta fito a jarrabawa, amma na kasa buɗe baki in gaya wa mahaifina ya kauce.

An rubuta laifin da sunana, tunda ni ce mai ruksa na ba wanda ba shi da ita sitiyari. Aka rako mu har tasha kamar ɓarayi, aka hana jirgin fita na wani lokaci. Muka kama hanyar gida a mota har muka hango duwatsun Makka. Nan Baba ya ce yaron ba shi da kunya. Na ce yaron bai yi ƙarya ba. Ban taɓa mayar masa da magana haka ba, kuma kwana biyu bai amsa gaisuwata da baki ba, sai da kai.

Har yanzu ban san wa nake jin haushi ba. Ina jin haushin tsarin da ya ɓata mini wata uku a kan harafi ɗaya, bai taɓa tambaya ko zan iya dawo da jirgi in teku ta tashi ba. Ina jin haushin Baba da ya gwammace ya rasa tekun da ya kwanta a gaban likita na rabin awa. Sau biyu ina karɓo masa ranar aikin idon, sau biyu yana tashi da ciwon baya.

Da wa'adin hanin ya cika mun ci gaba da fita, amma ba kowace Asabar ba. Ni ke tuƙi, shi yana zaune a gaba sanye da rigar ceto da ya tsana, yana gaya mini inda duwatsu suke ƙarƙashin ruwa daga yadda igiyar ruwa ke bugun jirgin. Yawanci daidai yake faɗa. In na yi kuskure ba ya tsawa, tsaki kawai yake yi ya kau da kai, kuma na fi son tsawar. Watan jiya yayana na Dammam ya kira ya ba da shawarar a sayar da jirgin kowa ya huta. Baba ya miƙo mini wayar ya tashi ya shiga ɗaki, ni kuma na ce wa Yaya ya bari tukuna.