Tuwon Inna Hanne

A shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai fitar da kai ba, mu uku muka rage a gidanmu, a wani ƙauye kusa da Gagarawa: ni, da ƙanena Tanko, da kakarmu Iya. Uwarmu ta rasu, babanmu kuma ya kora jaki ya nufi Maigatari neman hatsi, shiru kake ji. Da an idar da magariba Iya za ta hura 'yan karare a bakin ɗaki, ta ɗora Tanko a cinya, ta ce, "Angona, gyara zama, yau ma tatsuniya na dafa maka."

A garinmu ana ciyayya. Maƙwabciya za ta aiko miki da tuwo, ke ma ki zuba naki ki mayar, don akushi ba ya komawa wayam. Inna Hanne, wadda danga ce kawai ta raba mu, suna da sauran tsohon gero, kuma ba ta taɓa fashin aikowa ba. Mu kuwa tafasa muke dafawa da dusa. Sai Iya ta kwashe miyar Inna Hanne, ta jiƙa hannu ta sake mulmula tuwon, ta zuba masa tata miyar kuka, ta miƙo mini in mayar. Abin da ya manne a yatsunta shi Tanko yake lasa. Ni ke ɗaukar akushin, ɗuminsa a tafina, yawuna na tsinkewa, in yi sallama kamar 'yar gidan wadata.

In na dawo sai a shiga tatsuniya, kuma kusan kullum ta kurciya ce. Wai an yi yunwa a daji, tsuntsaye suka shiga roƙon juna. Kurciya ta ce ita ba za a ga ramarta ba. Kowace safiya sai ta haɗiyi tsakuwa har ƙirjinta ya cika, ta hau reshe tana waƙa. Duk wanda ya kawo mata ƙwaya sai ta ce, "Kai wa mabukata, ni na ƙoshi." Iya takan turo ƙirji ta kwaikwayi tafiyarta, Tanko ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Yunwa ta wuce, tsuntsaye suka ce ba a taɓa yin mai mutunci kamar kurciya ba.

Wata rana na ce, "Iya, 'ya'yanta fa? Su ma tsakuwar suka ci?"

Ta daɗe tana tura kara cikin wuta. Ta ce, "Ke dai kin cika tambaya. Tatsuniyar ba ta faɗa ba."

Tanko bai ga damina ba.

Bayan shekaru, ina goyon ɗana na biyu, na je gaida Inna Hanne. Ta tsufa, Iya kuwa ta daɗe da rasuwa. Ta riƙe hannuna ta ce, "'Yar nan, tuwon mace ba ya ɓace mata. Tun ranar farko na gane shi. Na riƙa ƙara girman malmalar don Iya ta gutsura muku, ita kuma ta dawo da shi cif. Na so in yi magana, na ji tsoron in kunyata ta."

Na daɗe ina jin haushin Iya, daga baya na rasa inda zan sa haushin. Komai ya ƙare mata sai wannan akushi. Inna Hanne ta sani ta yi shiru. Ni kuma, a hanyar da ke tsakanin gidajen nan biyu ba kowa, da na gutsura na ɓoye wa Tanko ba mai gani, amma ban taɓa yi ba, don an ce mini abin kunya ne.

Yanzu in zan aika wa gidan da nake zargin babu, a fasasshiyar ƙwarya nake zubawa, in ce a yar da ita, kada a dawo mini da tarkace. Dabara ce 'yar ƙarama. Har yau ina mamakin yadda ba ta zo wa ko ɗayanmu ba a waccan shekarar.