Takardar Shaidar da Na Rubuta wa Kaina

A cikin dukkan fannonin rubutu da ɗan Adam ya ƙago tun ranar da aka fara fiƙe alƙalami, ban san wanda ya kai takardar shaidar hali daraja ba. Mawaƙi yana wasa wanda ya ga dama. Mai tarihi yana jira mutane su mutu kafin ya yi musu ƙari. Amma mai rubuta takardar shaida a shafi guda zai gama aikinsa, a kan mutum mai rai, kuma a buga hatimi a ƙasa. Da sani nake faɗin haka, domin shekara tara na yi ina wannan sana'a a wata sakandare a Minna, ba tare da sunana ya taɓa fitowa a ƙasan ko guda ba.

Turanci nake koyarwa. Firinsifal ɗinmu, wani dattijo mai son a riƙa cewa aiki ya yi masa yawa, ya gano tun shekarata ta farko cewa ina iya jera jimla ta tsaya da ƙafarta. Daga nan duk wata wasiƙa ta makaranta ta dawo kaina. Ni in rubuta, akawu ya buga a tafireta, Firinsifal ya sa hannu yana kallon taga. Ban taɓa ganin ya karanta abin da yake sa wa hannu ba. Malamai kuwa suka laƙaba mini Bature.

A tsakiyar shekarun tamanin, wata safiya a ɗakin malamai, na ga sanarwa a jaridar da kan iso mana bayan ta kwana biyu a ofishin Firinsifal. Wata sabuwar hukumar gwamnati tana neman jami'in gudanarwa. Ofis ne mai fanka da labule, babu allo, babu yara sittin masu rantsuwa sun yi aikin gida amma akuya ta cinye. Sharuɗɗa biyu suka tsaya mini a rai. Kada mai nema ya wuce shekara talatin da biyar, ni kuwa saura wata huɗu in cika. Sannan duk ma'aikacin gwamnati sai ya aika takardarsa ta hannun shugabansa, haɗe da shaidar hali. Wato wannan ce ƙofata ta ƙarshe.

Na shiga shiri kamar mai tafiya Hajji. Na kai yadi wurin wani tela a Tudun Wada ya ɗinka mini kwat, ya tabbatar mini kafaɗun za su zauna idan na yi ƙiba a sabon aiki. Na ɗauki hoto. Da yamma maiɗakina ta zama kwamitin ganawa, tana feraye doya tana yi mini tambayoyi. Da ta tambaye ni dalilin da ya sa nake son barin koyarwa, na yi mata jawabi a kan bautar ƙasa a fage mafi faɗi. Ta bari na kai aya, ta ce in dai kwamitin yana da mata a ciki gara in faɗi gaskiya, in ce ta gaji da wanke alli a hannun riga.

Abin da ban sani ba shi ne, ba ni kaɗai na karanta jaridar ba. Malamin lissafinmu ma ya gani. Mutumin Bosso ne, mai shiru, yana waƙa a cocinsu ran Lahadi, ran Asabar yana gonar doyar mahaifinsa. Teburinmu ɗaya, kuma shi ke rage mini hanya a babur idan kekena ya yi faci. Sai da Firinsifal ya kira ni ofis na ga fom biyu a gabansa.

"Ku biyu ne, Malam," in ji shi. "Rubuta wa kowa tasa, ka kawo in sa hannu."

Ban ce Shaiɗan ne ya zuga ni ba, don ban ga abin da zai ƙara a kan abin da na riga na tanada ba.

Tawa na fara. Yammaci uku na yi a kanta a gindin mangwaron gidanmu. Na rubuta cewa wannan malami shi ne ginshiƙin makaranta. Shi ya raya ɗakin karatu, shi ya kafa ƙungiyar muhawara, shi ke sasanta malamai idan sun saɓa. Na ce babu darasin da ba zai iya koyarwa ba in an ba shi littafin da kwana ɗaya. Na rufe da jimlar da har yau nake jin daɗin ƙirarta: makarantar nan ba za ta yi mako guda a tsaye ba idan babu shi.

Ta abokina kuwa, tsakanin ƙararrawar tara da ta shiga aji na gama ta. Ban yi masa ƙarya ko ɗaya ba, wannan ina so a rubuta mini. Na ce yana zuwa a kan lokaci. Na ce ba ya hayaniya. Na ce ba a taɓa kawo ƙararsa ba. Sannan na zare siririyar wuƙata: tafiyarsa ba za ta kawo wa makaranta wata tangarɗa ba. Layi huɗu. Da na nuna masa, ya karanta, ya ce Bature ka kyauta, gajera ce, ba za su gaji da karatu ba. Washegari ya kawo mini doya uku manya. Na ji nauyi ƙwarai, amma mun ci.

Ranar sa hannu na tarar da Firinsifal da sabon tabarau. A makon ya karɓo shi, kuma tun da ya sa yake karanta duk abin da ya gifta, har da kalandar bango. Ya ɗauki takardata ya fara bi layi layi, a bayyane, yana tsayawa yana ɗago kai yana dubana. Da ya kai jimlar ƙarshe ya cire tabarau ya goge ido.

"Ashe haka kake, Malam? Shekara tara, babu wanda ya gaya mini."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai salon irin wannan takarda ke nan. Akan ɗan ƙara gishiri."

"Wato ƙarya ka kawo mini in sa wa hannu?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"To, gaskiya ce ke nan."

"Gaskiya ce, ranka ya daɗe."

Ya sa hannu, ya huhhura hatimi ya danna. Sannan ya jawo fom ɗina. A ƙasansa akwai wani ɗan gurbi da ban kula da shi ba, inda ake tambayar shugaba ko zai iya sakin ma'aikacin idan an ɗauke shi. Ina tsaye ya rubuta da hannunsa, wanda shi ne rubutu na farko da na ga ya yi ba tare da taimakona ba: ba za a iya sakinsa ba, a duba takardar da ke manne. Ya karanta ta malamin lissafi cikin numfashi ɗaya, ya rubuta a gurbinsa cewa ana iya sakinsa nan take, a duba takardar da ke manne.

Na roƙi ya ba ni ita in sake dubawa, na ce kamar na hango kuskuren nahawu. Ya ce shi bai ga kuskure ba, kuma yanzu yana gani sosai. Har ya sa akawu ya buga masa kwafi ya ajiye a fayil, wai don ranar da wani zai yi yunƙurin ɗauke masa ni.

An kira abokina ganawa, aka ɗauke shi, ni ba a ma kira ni ba. Wata huɗun nan suka cika suka wuce. Kwat ɗin dai bai tashi a banza ba, shi na sa ranar walimar sallamar abokin nawa, inda na karanta jawabin bankwana da na rubuta wa Firinsifal, saboda muryarsa ta dishe. Abokina ya rungume ni a gaban jama'a, ya ce ba zai manta da alherin alƙalamina ba. Na nemi alamar zolaya a fuskarsa ban samu ba, kuma wannan ya fi ciwo.

Ba a turo wani malamin a madadinsa ba. Da aka dawo hutu Firinsifal ya kira ni, ya buɗe fayil, ya ɗora yatsa a kan layin da ke cewa babu darasin da ba zan iya koyarwa ba in an ba ni littafin da kwana ɗaya. Ya ce shi mutum ne mai adalci, kwana biyu zai ba ni.

Shekara shida na yi ina koyar da lissafi a aji uku.