Ranar Da Muka Sa Aka Kira Ubansa

Mu biyu aka turo makarantar a matsayin mataimakan malamai, ni da wata malama 'yar cikin garin Daura, gidansu nan bayan Kusugu. Dukkanmu ilimin halayyar ɗan Adam muka karanta a jami'a. Sakandaren jeka-ka-dawo ce, a wani gari kan hanyar Mai'adua. Ranar da muka kai kanmu, shugaban makaranta ya juya takardunmu gaba da baya, ya ce, "To, wannan abin naku a wane aji ake koyar da shi?" Babu ajin. Sai muka zama 'yan cike gurbi. Malamin da matarsa ta haihu mu shiga ajinsa, wanda babur ya mutu masa a hanya mu shiga nasa. A ɗakin malamai kuwa sunanmu likitocin mahaukata.

Duka a makarantar nan ba abin labari ba ne. Litinin da safe, bayan kowa ya yi layi a fili, ake zartar da hukunci. Malamin horo, wani ƙato mai jan ido, yana da dorina da yake shafa wa man gyaɗa kamar amarya. Ƙarti huɗu su ɗaga yaro sama, biyu hannu biyu ƙafa, shi kuma ya yi ta zabga masa har wando ya tsage. Na tsani mutumin nan, kuma har yau ban fasa ba. Amma ni ɗan ƙauye ne, da irin wannan dukan na girma, iyakata in sunkuyar da kai. Malama kuwa ba ta iya kallo. Mahaifinta malamin zaure ne da bai taɓa ɗaga mata hannu ba, ta kuma rantse a gabanmu ba za ta taɓa riƙe bulala ba.

Akwai wani ɗalibi a ajin ƙarshe, ɗan wani dillalin shanu, dogo, shiru-shiru, kansa na ja a lissafi. Saura kaɗan a fara jarrabawar fita. Rannan ya makara, shugaban ɗalibai ya tsula masa tiyo a wuya, shi kuma ya juya ya kai masa naushi a baki. Haƙori ya fita, jini ya wanke farar riga. Aka yanke masa dorina goma sha biyu ranar Litinin.

Malama ta tafi ofishin shugaba, na bi ta. Ta ce yaro mai haƙuri da ya fashe haka, akwai abin da ke cinsa a gida. Duka ba zai warkar da shi ba, a kira mahaifinsa a zauna a tattauna. Haka aka koya mana, kuma a takarda magana ce mai kyau. Shugaba ya yarda, nan take ya nemi lamba ya buga waya. Malamin horo yana tsaye a bakin ƙofa. Ya yi wani murmushi, ya ce, "Bismillah, likita, ga fili ga mai doki."

Da yaron ya ji labari, ya same mu a ɗakin malamai, ya zube ƙasa.

"Malama, don girman Allah a buge ni. A ƙara a kan sha biyun ma, na yarda."

"Tashi, ƙanena. Ba wanda zai taɓa ka."

"Baba bai so karatun nan ba, kawuna ne ya roƙe shi. Ya ce duk ranar da makaranta ta kira shi don na yi laifi, ranar na gama boko."

Sai a lokacin ɗan ƙauyen da ke cikina ya farka. Bayan yaron ya fita na ce mata, "Malama, a nan kiran uba ba gayyata ba ce, tonon silili ne." Ta ce ai tsoron nan da na gani shi ne ainihin ciwon, in ta zauna da uban za ta shawo kansa. Ko ma mene ne, bakin alƙalami ya bushe, waya ta riga ta same shi a kara, a tsakiyar 'yan'uwansa dillalai.

Ranar Litinin Malama ta jera kujeru a ofis, har da ruwan leda ta saya. Muna cikin layi muka ji ƙarar babur. Uban yaron ya sauko, ya zare gorar da ya ɗaure a bayan babur ɗin. Bai kalli ofis ba. Ya ce, "Ina yake?"

Yaron ya fito da kansa. Dukan farko a gadon baya ya sauka, ƙararsa kamar an sari icce. Na biyu ya kai shi ƙasa. Uban ya taka masa wuya da takalmi, ya ci gaba da lafta masa gora ko ta ina, haƙarƙari, cinya, ƙeya. Yaron bai yi kuka ba, ya dai ɗaga hannu ya kare kansa, gorar ta sami hannun, duk makaranta muka ji ƙas. 'Yan mata suka sa ihu. Malamin horo ya harɗe hannu yana kallo, shi da dorinarsa a hammata.

Na ruga na riƙe gorar. Na shiga sharo ba shanu: ya fizge, ya mayar mini a goshi, jini ya rufe mini ido ɗaya. Tabon yana nan. Malama ta faɗa tsakaninsu tana kuka.

"Baba, don Allah! Magana kawai muka kira ka mu yi!"

Ya tsaya yana haki. Ya ce, "'Yata, kin taɓa ganin an kira mutum makaranta don a yabi ɗansa? Kun ce ya gagare ku. To ga shi na gyara muku."

Ya yage rigar makarantar daga jikin yaron, ya jefar a gaban shugaba. Ya ɗora shi a bayan babur, hannun yana reto, suka tafi.

Mun bi su har ƙauye, mu da kawun. Uban ya shimfiɗa mana tabarma, ya sa aka kawo fura, ya ce ya riga ya rantse. Aka yi jarrabawa, kujerar yaron babu kowa. Daga baya na gan shi a kasuwar Mai'adua yana kora shanu cikin tirela, hannun ya ɗoru a karkace. Ya gaishe ni da ladabi, ya tambaye ni ko lissafin bana ya yi wuya. Garin neman gira mun rasa ido, kuma idon ba namu ba ne.

Da aka dawo sabon zango, wani ɗan aji biyu ya fasa wa abokinsa kai da dutse. Aka kawo shi ofis. Shugaba, da yake ya ga sabuwar dabara tana kashe magana da wuri, ya ɗauki waya ya ce, "A ba ni lambar ubansa." Yaron ya zube ƙasa yana roƙo.

Malama ta miƙe. Ta zare dorinar daga ƙusar da take rataye, ta ce, "A'a, ranka ya daɗe. Ni zan buge shi."

Ba ta iya ba, hannunta bai saba ba, ta farko ma a bango ta sauka. Sauran kuwa sun shige shi sosai. Tana dukan hawaye na zuba har kan hijabinta. Da ta gama ta jefar da dorinar. Yaron ya tashi yana sosa baya, ya share majina, ya durƙusa a gabanta.

"Na gode, Malama."